Kafin Ku Aika Kasuwa, Ku Leƙa Sito

Ƙannena da 'ya'yana, ku da kuka shiga ɗaki kwanan nan, da ku samarin da kuka fara ba da kuɗin cefane, har da ɗalibai da masu hidimar ƙasa da suka fara ɗora tukunyar kansu a baƙon gari, da ku nake.

A gidaje da yawa, hantsi na dubawa za ka ji an ce, "Yau me za a dafa?" Kafin a rufe baki wata ta amsa, "Ai babu komai a gidan." Sai a ƙirga kuɗi a miƙa wa yaro ya nufi bakin titi. Da za a tura ƙofar sito a lokacin, da an tarar da rabin buhun masara, da wake kwano biyu da ƙwari suka fara hudawa, da garin kuka a roba, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da kabewar da aka kawo tsaraba daga ƙauye tun watan jiya. A firiza kuma ga ƙulle-ƙullen leda da ƙanƙara ta lulluɓe, ba wanda ya tuna abin da ke ciki. Gidan da aka ce babu komai yana da abincin mako biyu. Abin da babu shi ne abin da ran mai girki ya raya mata da safen nan.

Shawarata guda ce, sauran maganar duk bayaninta ne. Ku daina fara lissafin girki daga marmari, ku fara shi daga abin da ke hannu. A cikin abin da ke hannun kuma, wanda ya fi kusa da lalacewa shi ne mai shiga tukunya yau.

Ba sai na gaya muku halin da kasuwa take ciki ba, ku ke zuwa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin ɗauko buhu daga gona ya tashi, kayan abinci suka bi bayansa, har a tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Farashin da za a yanka a kasuwar Dawanau ko ta 'Yankaba ba a hannunku yake ba. Amma abin da kuka riga kuka biya kuɗinsa kuka shigo da shi gida, ko ya shiga ciki ko ya tafi bola, wannan ku ke da iko da shi. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci fiye da tan biliyan ɗaya a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, ba daga otal ko kanti ba. Kada ku ce ai na Turawa ne. Rahoton ya nuna ƙasashe masu zafi ma sun fi yin wannan asarar a gidajensu, don abu ba ya jimawa a wurinmu.

Iyayenmu na karkara ba su san wani tsari ba sai wannan da nake ba ku. Da kaka manomi yakan ƙirga dami nawa ya samu na gero da na dawa kafin ya zuba a rumbu, ya san ko za su kai shi wata kakar ko za su yanke masa a tsakiyar damina, lokacin da gona ta yi kore shar amma ba abin da ya nuna. Yakan bar geron a zangarniyarsa don ya fi jure ƙwari a haka, irin dabarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar a shekarun yalwa. Ku dubi kayan miyarmu na gado: kuka, karkashi, kuɓewa, zogale da rama da yakuwa da aka shanya, daddawa, barkono, kanwa. Duk na ajiya ne. An gina girkinmu ne a kan gidan da ba ya ganin kasuwa sai ranar da take ci, mako-mako. Cefanen kullum na ƙulli-ƙulli baƙon abu ne da zaman birni ya kawo, kuma shi ne hanya mafi tsada ta ciyar da gida, domin mai tebur sai ya ɗora ribarsa a kan kowane ƙulli.

Amarya ma da cikakken sito take farawa. Gara ta zo, buhun shinkafa, katan na taliya, jarkar mai, fulawa, sukari, ga alkaki da dubulan da nakiya. Iyaye sun yi ɗawainiya, wasu har da bashi. Amma sau da yawa sai a bi taliya da shinkafa a cinye don su ne masu sauƙin dafawa, a bar fulawa ta yi tsutsa, a bar gero da wake a lungu. Wata uku sai a ce gara ta ƙare, alhali rabinta lalacewa ta yi.

To, ina za a fara? Daga ƙirga. Ku ware rana guda, ku fito da komai fili, daga sito da kabad da firji da firiza, har robobin nan na saman kanta da aka daɗe ba a buɗe ba. Ku rubuta a littafi ko a waya: mene ne, nawa ya rage, yaushe ya shigo. Kayan gwangwani da na leda ku duba ranar ƙarewar wa'adinsu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai idon sai ya kalli abu tukuna. Ku kuma auna cin gidanku sau ɗaya ku huta. In gidanku na cin rabin kilo na shinkafa a rana, buhu mai kilo 50 zai yi muku kwana 100. Wanda ya san wannan ba zai wayi gari ya ga gindin buhu ba shiri, kuma in buhun ya ƙare a kwana 60 ya san akwai inda yake yoyo. Ku yi awon da gwangwani ko kwanon gidanku, don mudu ya bambanta daga gari zuwa gari. Idan sabon kaya ya shigo, kada a juye shi a kan tsoho. A jawo tsohon gaba, sabon ya koma baya.

Yanzu ga inda aikin yake. Kayan abinci ba tare suke tsufa ba. Alayyafo da salak kwana ɗaya ne zuwa biyu. Nunannen tumatir a zafin bazara bai fi 'yan kwanaki ba, attaruhu da tattasai su ɗan ɗara shi. Kabeji da karas su yi mako. Albasa da doya da dankali su yi makonni in suna shan iska. Kabewar da ba a fasa ba ta yi watanni, amma ranar da wuƙa ta shige ta ta koma sahun gaba. Shinkafa da taliya da hatsin da ba a niƙa ba su ne 'yan haƙuri, za su jira ku. Saboda haka in kika buɗe kicin da safe kika ga alayyafo ya fara yaushi, ga tsakin masara, ga 'yar gyaɗa, to an riga an yanke miki hukunci: yau fate ne ko dambu, ko da ranki na son shinkafa da miya. Shinkafar tana nan gobe, alayyafon ba ya nan. Doyar da ta fara baƙi a gefe, a yanke wurin a yi faten doya da sauran yau. Burodin da ya kwana biyu ya bushe, a tsoma shi a ruwan ƙwai a soya wa yara su tafi makaranta. Tumatirin da ya yi laushi a markaɗa shi da kayan miya, a tafasa har ruwan ya tsane, ya ƙara kwanaki.

Shi ya sa ba na goyon bayan jadawalin girkin nan na mako da ake kwafowa daga wayar wata a manna a bangon kicin: Litinin kaza, Talata kaza. Wadda ta rubuta shi ba ta san abin da ke sitonki ba, ba ta san aljihun mijinki ba. Kullum jadawalin zai riƙa aika ki kasuwa. In za ki rubuta, ki rubuta naki bayan kin duba kayanki, na kwana uku ko huɗu kawai, ki bar gurbi guda ba komai, domin dole a samu ranar da abinci ya rage ko aka aiko muku da kwano daga gidan suna. Haka bidiyoyin girkin da kuke kallo a TikTok da Instagram. Ku kalla, ana ƙaruwa. Amma girkin da zai sa ki sayi kwalabe huɗu na kayan haɗi, ki ɗebi cokali guda a kowace, sauran su bushe a kanta, ba na gidan mai lissafi ba ne. Ki tambayi kanki me kike da shi da zai tsaya a madadinsu.

Wani zai ce ai cin abu ɗaya kullum yana gundura. Wannan ƙorafin wanda bai san hannun girki ba ne. Wake kaɗai ya isa misali: yau garau-garau da mai da yaji, jibi alale, wata safiya ƙosai da kunu, wani dare faten wake, ko miyar wake a kan tuwo, ko a haɗa garinsa da na rogo da kuka da kanwa a yi ɗanwake. Masara ta ba da tuwo, tsakinta ya ba da dambu da fate. Gero ya ba da kunu da koko da fura da burabusko. Wadda ta iya sarrafa abu guda hanya biyar ta fi wadda ta haddace girki hamsin da kowanne sai an je kasuwa. In ba ki iya ba, ba abin kunya ba ne. Ki zauna kusa da Inna ko Goggo ranar da suke yi, ki sa hannu.

Tumatir ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ya fi tayar wa matan birni hankali. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da noman rani na Kadawa da Kura ke fitowa, kwando yakan yi arha har manomi ya rasa mai saye. Daga Mayu zuwa Yuli kuma sai ya gagari talaka. Kowace shekara haka ake yi, kowace shekara kuma sai a yi kamar ba a taɓa gani ba. A 2016 da ƙwaron nan Tuta absoluta ya cinye gonaki, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, gidajen da ba su ji jiki sosai ba su ne waɗanda suka yanka suka shanya tun yana arha, da waɗanda ba su raina miyar kuka ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kuma lokacin tsadar ya same ki ba tanadi, kabewa ko karas da tattasai da albasa mai yawa suna ba miya jiki da launi. Ga taushe, ga miyar gyaɗa, ga zogale. Ba dole ne kowace miya ta zama ja ba.

Sai dai cin abin da ke ajiye yana da sharaɗi: ajiyar ta kasance mai kyau. Gari ya fi tsaba saurin lalacewa, musamman garin gero, wanda man da ke cikinsa ke sa shi ɗaci cikin 'yan kwanaki. Kada ku kai niƙan wata guda don gudun zirga-zirga. Wake kuwa, ku shanya shi ya bushe ƙayau, ku cika jarka da shi har wuya ku toshe bakin, ko ku nemi buhun nan mai leda biyu a ciki da masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In iska ba ta shiga, ƙwarin mutuwa suke yi da kansu. Kada ku kuskura ku zuba wa abin da za ku ci maganin ƙwari na feshi. Saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Abin da baƙo ya ƙi saye don tsoron lafiyarsa, ba shi za ku ba 'ya'yanku ba. Masara ko gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna, ku tsince ku zubar, kada tattali ya ruɗe ku. Gubar da ke cikinta tana lalata hanta, wuta kuma ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 mutum 125 ne suka mutu bayan cin irin wannan masarar. Ku ɗora buhu a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ku rufe komai da murfi mai kamawa saboda ɓera, domin ta fitsarinsa da kashinsa a kan abinci ake kamuwa da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yau.

Firiza ni'ima ce, amma a ƙasar da wuta ba ta da alƙawari, ba a ba ta amana gaba ɗaya. Ba ku manta da Oktoban 2024 ba, da manyan layukan wuta suka lalace, yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda a duhu. Nama da kifi da kaji nawa aka zubar a makon nan, Allah kaɗai ya sani. Firizar da take cike, in ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kusan kwana biyu. Wadda take rabi, kwana ɗaya. A zafin Afrilu ku rage lissafin. Don haka in akwai fili a ciki ku cike shi da robobin ruwa su daskare, kuma in an ɗauke wuta ku hana yara buɗe-buɗe. Ku kasa nama da markaɗe daidai girki ɗaya-ɗaya kafin ku saka, don kada ku narkar da kilo uku saboda kuna son rabin kilo. Ku rubuta suna da kwanan wata a jikin kowane ƙulli. Bayan wata biyu, daskararriyar miyar taushe da ta agushi kamarsu ɗaya. Naman da ya narke har ya saki ya ɗumama, ba a mayar da shi ya sake daskarewa. In bai canza ba a dafa shi a ranar, in ya fara wari a haƙura. Idan za ku yi tafiya, ku daskarar da ruwa a kofi, ku ɗora kwandala ko tsakuwa mai tsabta a kai. In kun dawo kun tarar da ita a gindin kofin, to komai ya narke a bayanku ya sake daskarewa, ko da ido bai nuna ba.

Kuma firiza ba rijiya ba ce da za a riƙa jefa abu ana mantawa. Wuta kuke biya a kanta, ko man janareto. Masu layin da ake kira Band A ma kuɗin wutarsu ya ninka fiye da sau uku a Afrilun 2024. Kafin azumi da kafin babbar salla, ku ɗauki mako guda ba ku sayi nama ko kifi ba, ku cinye abin da ke ciki, ku wanke ta. Naman layya kuma kada a danna shi duka a ciki. A soya wani ya soyu sosai a ajiye cikin mansa, a yi dambun nama da wani, a yi kilishi ko banda. Kakanninmu sun kai naman layya watanni ba su san ƙanƙara ba.

Saura maganar abin da ya rage a tukunya. Na lura wasu 'yan zamani suna jin nauyin a ce sun karya da ɗumame. Ni ban san abin karin da ya fi ɗumamen tuwo da miyar kuka da man shanu riƙe ciki ba. Ƙanzo a shanya shi, ranar da ake so a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Farar shinkafar da ta rage ta shiga ƙullun waina, ko a soya ta da albasa da ƙwai. Amma ita shinkafa a yi hattara da ita: in ta wuce awa biyu a ajiye cikin zafi, ƙwayoyin cuta na iya sakin gubar da ɗumamawa ba ta kashewa. A baza ta ta huce da wuri a sa a firji, in babu firji a dafa daidai ci. Duk abin da ya yi yauƙi ko ya canza wari, kuɗin asibiti ya fi kuɗinsa.

Kada kuma wani ya fahimce ni a karkace. Tattali daban, rowa daban. Ban ce ku ƙirga loma ba, ban ce ku hana baƙo ko maƙwabci ba. Gidan da ya san abin da yake da shi ya ma fi iya kyauta, don ya san abin da ya fi ƙarfinsa tun bai ɓaci ba. Abin da nake ƙi shi ne ɗabi'ar nan ta ajiye abinci har ya yi tsami, sannan a kira almajiri a juye masa a ce an yi sadaka. Yaron nan ɗan wani ne, cikinsa irin na ɗanki ne. In kin san ba za a ci ba, ki bayar tun da ɗuminsa. In an kawo muku buhun dankali kun san ba za ku iya da shi ba, ku raba wa maƙwabta tun ranar, kada ku jira ya tsiro.

Ku kuma samari da angwaye, kada ku ce wannan hirar mata ce. Da yawanku ba ku taɓa taka ƙofar sito ba, sai dai ku ajiye kuɗi a kan madubi ku fice, in an ce abu ya ƙare ku hau faɗa. Wani kuma ya dawo daga tafiya da kwandon tumatir don ya ga arha a bakin hanya, bai tambaya ba ko akwai wuta, ko akwai mai aikinsa, ko jiya aka yi markaɗe. Rabin kwandon a bola zai ƙare, arhar ta zama tsada. Kira ɗaya a waya ya isa: "Me ya rage a gida, me ya kusa ƙarewa?" Kuma in matarka ta ce yau ɗanwake ne don garin ya kusa juyawa, kada ka ɓata rai ka fita ka sayi tsire kai kaɗai. Dukiyarka take tsare maka. Ku zauna tare sau ɗaya a mako, ko da daren Juma'a ne bayan an ci abinci, ku buɗe littafin nan ku duba abin da ya rage. Abin da za a sayo kawai shi ne wanda zai cike giɓin abin da ke akwai, a rubuta shi a takarda, kuma wanda zai je kasuwar ya tafi da takardar a aljihu.